Tarihin Kachalla: Yadda Ciyawa Ta Mamaye Fadamar Haɗeja Zuwa Nguru



Duk wanda ya fito daga yankin Haɗeja, Auyo, Kirikasamma, Guri, Nguru ko Gashuwa ba sai an yi masa bayanin kachalla ba. Amma yaranmu da aka haifa a nan Kudu sunanta kawai suke ji, idan an yi waya da gida ana cewa ta cinye gonar wane, ko ta toshe hanyar kwale-kwale zuwa kasuwa. Har cikin manya ma akwai masu rantsuwa cewa Turawa ne suka kawo irinta, wasu kuma su ce tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi ne suka ɗauko ta a ƙafa. Shi ya sa muka ga ya dace a wannan karo mu tsaya a kanta, mu bi sawunta tun daga farko. Abin ya shafe mu kai tsaye. Wani kaso na busasshen kifi da shinkafa da tattasai da shanun da 'yan uwanmu ke saukewa a Mile 12 ta Legas da Bodija ta Ibadan daga wannan fadama yake fitowa. Kuma a cikin masu tura baro da 'yan acaɓa da 'yan ga-ruwa da ke tare da mu, akwai waɗanda ba don sha'awar birni suka baro gida ba, gonar gado ce ta koma ƙarƙashin ruwa da ciyawa.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, ciyawa ce ta cikin ruwa, ganyenta dogo siriri kamar takobi, tsawonta yakan kai mita uku ko ma fiye idan wurin ya karɓe ta. A samanta tana fitar da kai mai ruwan ƙasa, kamar zangarniyar gero. Idan ya bushe sai ya fashe ya zama kamar audugar rimi, iska ta kwasa ta yi gaba. Kai guda ɗaya yana iya ɗaukar iri sama da dubu ɗari. Duk da haka ainihin ƙarfinta a ƙasa yake. Tana da saiwa mai kauri da ke rarrafe cikin laka tana fitar da sabon tsiro gaɓa-gaɓa, har wurin ya sarƙe yadda ko akuya ba za ta ratsa ba. Ka sare ta daga sama, bayan 'yan makonni ta dawo. Ka cinna mata wuta da rani, tokar ta zame mata taki. Masana ilimin tsirrai suna kiranta Typha, kuma a tsarinsu ba dangin gero da dawa da gamba ba ce, amma wannan bai dami manomi ba, a wurinsa ciyawa ce.

Maganar cewa baƙuwa ce ba ta da tushe. Wani likita Bature mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa a farkon mulkin mallaka, ya tattara sunayen tsirrai da Hausa ya buga su a littafi a 1916, kuma wannan ciyawa tana ciki da sunan shalla. Kakanninmu sun san ta, suna yankanta don rufi da shinge da shimfiɗa. Tana nan a bakin tafkuna masu zurfi da ba sa ƙafewa, ba ta wuce iyakarta ba. Sunan kachalla ne ya yi ƙarfi daga baya. Kachalla dai sarauta ce ta Barno, ta jagoran mayaƙa, kuma duk wanda ya ga yadda ciyawar ke jera sahu a bakin kogi ba zai ce sunan bai dace da ita ba. Tambayar da ya kamata a yi ita ce, me ya sauya har abin da ya zauna lafiya da mutane shekaru aru-aru ya tashi ya cinye musu gonaki cikin shekaru talatin?

KOGIN DA YAKE BUSHEWA

Sai an san yadda ruwan yake tafiya kafin a gane labarin. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, su zama kogi ɗaya da ke wucewa ta wajen Ringim ya nufi Haɗeja. Daga nan ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, sai jigayin rairayi jefi-jefi, saboda haka kogin ba ya tafiya a hanya ɗaya. Reshen Kafin Hausa ne ke fara ballewa. Bayan an wuce garin Haɗeja kuma sai ya sake rabuwa: tsohon Kogin Haɗeja ya yi gabas wajen Gashuwa, Marma ta yi arewa ta zuba a tafkin Nguru, ga kuma Burum Gana a tsakani. Daga kudu Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tuddan Jos, yana bi ta Katagum ya shigo wannan fadama. Abin da ya rage na ruwan duka shi ke haɗuwa kafin Gashuwa ya zama Kogin Yobe, ya bi ta Gaidam da Damasak da kan iyakar Nijar wajen Difa, har Tafkin Chadi.

Kafin 1974 wannan kogi yana da lokacin cika da lokacin bushewa, kuma rayuwar mutanen yankin a kan wannan ta ginu. Ruwa yakan cika ya malale cikin Agusta da Satumba, ya fara janyewa bayan kaka, kafin watan Maris ko Afrilu cikin kogin ya koma rairayi, har a tona a sha. Fili ɗaya yana ciyar da mutum uku a shekara. Manomi ya shuka shinkafa kafin ruwa ya zo ta tashi tare da shi. Masunci ya kama kifin da ya shigo fadama ya yi ƙwai, tarwaɗa da karfasa da bargi. Da ruwa ya ja baya a bi danshin da wake da kayan lambu, sannan makiyayi ya sauko da shanu su ci burugu da ragowar amfanin gona su bar taki. Bahaushe da Babade da Bamange da Babarbare da Bafillace kowa ya san lokacinsa. Ba mu ce ba a yin rigima ba, ana yi, amma akwai tsari.

Abu biyu ne suka tsare kachalla a wancan zamani. Na farko fari na watanni huɗu ko biyar a kowace shekara, wanda ƙananan tsironta ba sa iya jurewa. Na biyu ƙarfin ruwan damina. Idan ya taho da gudu yakan share laka da yashin da suka taru a cikin kogi, ya tumɓuke duk abin da ya fara kafa saiwa. Kogin da kansa yake yashe kansa, ba a biyan kowa ko kwabo.

TIGA DA CHALLAWA

Farin 1972 zuwa 1974 ya girgiza Arewa, kuma a daidai wannan lokaci gwamnatin Audu Bako ta tsohuwar Jihar Kano take gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano. An kammala ta a 1974, a lokacin tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Manufar ita ce noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda aka tsara hekta 22,000 a kashi na farko, da kuma ruwan sha ga birnin Kano. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, ciki har da ta Haɗeja da Jama'are, madatsar ta koma hannunta. A 1992 aka gama madatsar Challawa a yankin Ƙaraye, mai ɗaukar kusan biliyan ɗaya, aka kuma yi wata ƙaramar madatsa a sama da Haɗeja domin noman rani na yankin Auyo. Tiga da Challawa kaɗai suna riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja.

A nan dole mu yi adalci. Waɗannan madatsu sun yi amfani mai yawa. Tumatirin Kadawa da shinkafar Kura sun rufa wa dubban iyalai asiri, kuma a cikinmu akwai waɗanda da kwandon tumatirin nan suka yi aure suka gina gida. Birnin Kano da yawan jama'arsa na yau ba zai rayu da rijiyoyi kaɗai ba. Ba ginin ne laifi ba. Abin da ba a yi lissafinsa ba shi ne abin da zai faru kilomita ɗari biyu a ƙasa idan aka juya wa kogi lokacinsa.

Madatsa tana tare ruwan damina ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara. Manoman rani suna buƙatarsa, injinan da ke jan ruwan sha na Kano a Tamburawa da Challawa su ma sai kogin ya kai wani tsayi kafin su ja. Sakamakon haka ƙarfin ruwan damina ya ragu, ya daina share kogi, da rani kuma ruwa mara zurfi mai tafiyar hawainiya ya ci gaba da kwarara a inda a da rairayi ne. Ruwan da ke fitowa daga gonakin rani kuma yana ɗauke da ragowar takin zamani. Laka, ruwa mara zurfi da ba ya yankewa, ga taki: in da za a tambayi kachalla abin da take so a duniya, wannan za ta lissafa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

MASU AUNAWA DAGA SAMA

Abin mamaki shi ne, taswirorin farko da aka yi wa wannan fadama ba ciyawa suke nema ba, ruwa suke aunawa, domin a shekarun 1980 kukan mutane na rashin ruwa ne. Farin 1983 da 1984 ya haɗu da tarewar Tiga, fadamu da dama suka ƙafe. A 1987 aka kafa wani shiri na kare fadamar Haɗeja da Nguru mai ofis a Nguru, da tallafin ƙungiyar IUCN da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya. Turawa dai tsuntsayensu ne suka kawo su, agwagwan ruwa da sauran tsuntsayen da ke ƙetare Sahara su yi sanyi a nan. Har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo Dagona a 1989 don ganinsu. Wataƙila daga nan zargin cewa tsuntsayen Turai ne suka kawo ciyawar ya samo ƙafa.

Ko mene ne ya kawo su, sun bar mana abin da ba mu da shi a da, wato lissafi. Suna tashi da ƙaramin jirgin sama lokacin da ruwa ya cika, su bi fadamar layi-layi su zana iyakar inda ruwa ya kai, su gwada da tsofaffin hotunan sama. Abin da ya fito shi ne, a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 ruwa yana rufe sama da murabba'in kilomita 2,000. A ƙarshen 1980 da farkon 1990 ya koma ƙasa da 1,000, a 1993 kuwa bai kai 500 ba. Wasu masana tattalin arziki, Edward Barbier da abokan aikinsa, suka ɗauki wannan lissafi suka gwada ribar ruwan idan an bar shi ya malale a fadama, da ribarsa idan an kai shi gonakin rani na sama. Da suka haɗa noma da kifi da itacen girki, sai suka ga kowace ma'aunin ruwa ta fi riba a fadama ninki sama da ɗari. An buga wannan a farkon shekarun 1990, ana karanta shi a jami'o'in duniya har gobe. A gida kuwa bai sauya yadda ake buɗe ƙofar Tiga ba.

Bayan 1992, da Challawa ta fara aiki, sai hoton ya juye. Masu aunawa suka fara ganin wani kore mai duhu da ba ya gushewa ko a tsakiyar rani, yana bin hanyoyin ruwa kamar jijiya. Ya fara kama bakin rassan kogi inda ruwa ke rage gudu yana ajiye laka. Ciyawa ta tare laka, laka ta ƙara wa ciyawa wurin zama, a hankali tsohon Kogin Haɗeja da Burum Gana suka toshe. Ruwa kuma ba ya tsayawa jiran kowa, sai ya karkata kusan gaba ɗaya ya bi Marma zuwa Nguru. Wani binciken masana ruwa da aka buga a 2002 ya nuna cewa abin da Kogin Haɗeja ke kaiwa Kogin Yobe a Gashuwa ya koma kusan babu, Jama'are ce ke ɗauke da nauyin.

Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci a gane game da yaɗuwar kachalla: ɓarna biyu ta yi masu kishiyantar juna, a lokaci guda. A gefen Marma, daga Likori zuwa Matara Uku da Dabar Magini har bakin tafkin Nguru, ruwa ya yi yawa ya ƙi tafiya, gonakin tudu na gero ma suka nutse, ƙauyuka suka koma tsibirai, ruwa ya riƙa cin hanyar mota ta Haɗeja zuwa Nguru. A gefen rassan da suka toshe kuwa, mutanen da suka gaji noman shinkafa da su suka wayi gari fadamarsu ta bushe ƙurmus. Shi ya sa idan mutumin Guri da mutumin Bade suka zauna a majalisa a nan Kudu, ɗaya yana kukan ambaliya ɗaya yana kukan fari, kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ƙari yake yi. Dukansu gaskiya suke faɗa, kuma ciyawa ɗaya ce ta raba musu ruwan.

A shekara ta 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma, hekta 58,100, cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Shi ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin, kuma ya shiga ne daidai lokacin da kachalla ke shaƙe shi.

Za ku ga duk rahoton da kuka ɗauka da irin adadin hektar da yake cewa ciyawar ta cinye, kuma akwai dalilin wannan saɓani. Wani ya auna Marma da Nguru kaɗai, wani ya haɗa da magudanan Kadawa da Auyo. Wani ya ƙirga inda ciyawar take tsaye, wani ya ƙirga har gonakin da ruwa ya kwanta a kansu saboda ita. Ga kuma matsalar hoto. Taurarin ɗan'adam na Landsat suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, kuma tun 2008 kowa na iya samun hotunan kyauta, amma daga sama shinkafa kore ce, kachalla ma kore ce. Sai an gwada hoton damina da na rani, an ga wurin da bai taɓa zama ƙasa tsirara ba duk shekara, sannan a sauka a tabbatar da ido. Akwai kuma matsalar iyaka, wadda a ganinmu ta fi kowacce. Kafin 1991 Tiga da Haɗeja duk jiha ɗaya suke. Da aka ƙirƙiro Jigawa da Yobe a watan Agusta na wannan shekara, sai ƙofar ruwa ta zama a Kano, mabuɗinta a hannun hukumar tarayya, ɓarnar kuma a Jigawa da Yobe. Kowace jiha tana zana taswirar da ta tsaya a kan iyakarta.

ABIN DA TA YI WA MANOMI DA MASUNCI DA MAKIYAYI

Ɓarna ta farko ita ce filin kansa. Inda ta kafu ba a shuka, kuma share kadada ɗaya da adda da lauje, a tsaye cikin ruwa har ƙirji, ga matsattsaku ga maciji, aiki ne da ya fi ƙarfin magidanci ɗaya. Inda ruwa ya daɗe a kwance kuma kanwa takan taso saman ƙasa, ko an samu ruwan ya janye sai ka ga fili fari fat, shuka ta ƙi.

Ta biyu ita ce jan-baki. Wannan tsuntsu ya samu masaukin da babu kamarsa: duhuwa a tsakiyar ruwa inda mutum ba ya iya shiga, ga abinci a gonakin da ke kewaye. Garke ɗaya idan ya sauka a gonar shinkafa ko gero da ta fara nuna, kafin a yi sallar la'asar an gama. Iyaye su cire yara daga makaranta su tsaya kora da gwangwani da majajjawa tun asuba. Gwamnati takan turo jirgin feshi, amma sau da yawa sai bayan an yi asarar, kuma maganin da ke kashe tsuntsu a cikin ruwan da ake kamun kifi ake zuba shi.

Masunci kuwa ga kifi yana gani ba damar jefa birgi, ba hanyar tuƙa jirgi. Kifin ya samu maɓoya, mai shi ya koma gida hannu rabbana. Makiyayi ya rasa burugun da yake dogaro da shi da rani, domin shanu ba sa cin kachallar da ta tsufa sai dai ɗanyen tofonta. Mashaya ta toshe, burtali ya nutse, dole ya ratsa ta inda ya samu, inda ya samu kuwa gonar wani ce. Ba mu ce kachalla ce ta haifi rikicin manoma da makiyaya na Guri da Kirikasamma ba, amma duk wanda ya rage faɗin tabarmar da mutum uku ke zaune a kai ya san abin da zai biyo baya. Sai kuma lafiya: ruwa mai kwanciya gidan sauro ne da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, dabbobi kuma ciwon hanta.

Mu ma mutanen yankin da namu hannun a ciki, kada mu ɗora wa madatsa komai. Tun da aka hana shigo da alkama a 1987 ƙananan injinan ban ruwa suka cika fadama, kowa ya fasa gaɓar kogi ya ja ruwa zuwa gonarsa, ba mai toshewa idan ya gama. Masu kafa dumba suna gitta shinge a hanyar ruwa don tare kifi, shingen ya tare laka, laka ta kira ciyawa. Waɗannan ƙananan abubuwa ne idan aka gwada da Tiga, amma sun taimaka.

Mai shakkar cewa sauyin ruwa ne tushen abin, ya dubi Kogin Sanagal. An gama madatsar Diama kusa da bakin teku a 1986, wadda ta hana ruwan gishiri hawowa, aka gama ta Manantali a Mali a 1988. Ruwan daɗi ya tsaya a tsayi ɗaya duk shekara, cikin 'yan shekaru wannan ciyawa dai ta rufe magudanai da gonakin shinkafa a ɓangaren Sanagal da na Muritaniya. Can ma ta daɗe a wurin ba ta dami kowa ba sai da aka tsayar da ruwan. A garin Rosso har gawayi aka yi da ita.

YAƘIN DA AKE YI DA ITA

Abin da ya fi daɗewa ana yi shi ne aikin gayya. Ƙauyuka su haɗu, wani ya kawo jirgi, wani abinci, matasa su shiga ruwa su buɗe hanya. Daga 2002 wani shiri da hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya ta ɗauki nauyi ya ƙarfafa wannan, ya kuma zaunar da manoma da masunta da makiyaya da jami'an gwamnati wuri ɗaya, abin da ba a saba gani ba. A 2006 jihohi shida da kogin ya ratsa, Kano, Jigawa, Yobe, Barno, Bauchi da Filato, suka yi taro a Damaturu suka amince da kafa asusu na haɗin gwiwa don kula da shi. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na kusan dala miliyan 500 don gyaran ayyukan noman rani na Arewa, ciki har da na Kano da Haɗeja, kuma a ƙarƙashinsa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da wasu jami'o'i na Amurka da Sifen suka gwada mayar da kachalla abincin dabbobi da iskar gas ta girki. Hukumomi kuma sun sayo injinan da ke tafiya a kan ruwa suna yanka suna yashewa.

Duk waɗannan suna da amfani, kuma inda aka buɗe hanya mutane sun ga bambanci a shekarar. Sai dai ra'ayinmu shi ne, muddin ruwa mara zurfi zai ci gaba da kwanciya wata goma sha biyu, yanka aski ne kawai, gashi zai sake tohowa. Masana ruwa sun daɗe da faɗin abin da ya kamata: a saki ruwa mai ƙarfi da damina ya share kogi kamar da, a kuma rage shi sosai na wasu makonni da rani don ƙasa ta sha rana. Faɗa da baki ba wuya. Manomin Kura da ya zuba jarinsa a tumatir ba zai yarda a rufe masa ruwa a watan Maris ba, mai famfo a Kano ma haka, kuma mutumin Ringim da Auyo da ya ga ambaliyar 2022 ba zai ji daɗin batun ƙara sakin ruwa da damina ba sai an fara yashe masa kogi an gyara jinga. Kowannensu yana da hujja, kuma dukansu akwai 'yan uwansu a cikin wannan ƙungiya.

Ga masu tura kuɗin gayya gida, akwai abu ɗaya da gwaji ya tabbatar. Ciyawar tana shaƙar iska ne ta ganyenta ta kai wa saiwa. Idan aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen na wasu makonni, saiwar takan shaƙe ta ruɓe, musamman in an maimaita sau biyu ko uku kafin ta fitar da kai. Yanka a saman ruwa ko ƙonawa da rani asarar kuɗin abinci ne kawai. A kuma kwashe abin da aka yanka a fitar da shi tudu, in ba haka ba ruwa zai tafi da shi ya toshe wa ƙauyen gaba. Kuma kafin a fara a tuntuɓi na sama da na ƙasa, don buɗe hanya a wuri ɗaya yana iya juya ruwa kan gonakin wasu.

Saura Kogin Jama'are. Shi ne babban reshe ɗaya da har yanzu ba a tare shi da babbar madatsa ba, yana cika da damina ya ja baya da rani kamar yadda Haɗeja take yi kafin 1974, kuma da ruwansa Gashuwa da Gaidam da Damasak suke noma da su. Tun zamanin Shagari aka fara aikin madatsar Kafin Zaki a kansa a Jihar Bauchi, aka tsaya, aka sake farawa, aka sake tsayawa. A tsarin da aka yi mata za ta fi Tiga ɗaukar ruwa. Mutanen Bauchi suna son ta don noman rani, kuma suna da haƙƙin so. Mutanen Yobe da Barno suna tsoron ta. Duk lokacin zaɓe maganar takan taso, kuma za ta sake tasowa. Idan ta taso, 'yan uwanmu na Katagum da Jama'are da Bade su nemi a nuna musu a rubuce nawa za a saki da damina, nawa da rani, makonni nawa za a bar kogin ya bushe, da kuma wanda zai riƙe mabuɗin.

Daga Sakataren Ƙungiya